Rasuwar Ɗan Baƙi, Keken Malam Datti Mai Burodi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ya hana ta hutawa, iyalan Malam Datti mai burodi na unguwar Rikkos suna sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki, har da waɗanda suka riga suka sani suke yin kamar ba su sani ba, rasuwar kekensa, baƙin Rali da aka fi sani da Ɗan Baƙi. Ya rasu da hantsin wata Laraba cikin daminar bana, 1978, a kan hanyar Farin Gada, a ƙarƙashin tayar wata tifa mai ɗaukar yashi. Bai yi jinya ba. Lafiyarsa ƙalau ya bar gida, an ba shi iska, an ɗiga wa sarƙarsa mai, kuma a hannunsa yake tafiya aka zo aka same shi ta baya.

Marigayin ya shigo gidan Malam Datti a shekarar da aka yi canjin hannu, aka ce kowa ya koma dama. Shi tun ranar farko ya koma, abin da wasu direbobin garin nan har yau suke nazari a kai. Tun daga nan bai taɓa fashin aiki ba. Da sassafe zai isa gidan burodin Mama Sekinat a Nasarawa Gwom, a ɗaure masa akwati a kariya, a cika shi har murfi ya ƙi rufuwa, sannan ya bi masu shayi da masu tireda ɗaya bayan ɗaya. Hawa da gangarar Jos duk ya sha su, da sanyin nan mai hana yatsu kama burki, bai taɓa ƙorafi ba in ban da ɗan ƙi-ƙi-ƙin da fedarsa ta hagu ke yi idan hawa ya yi tsanani. Lasinsa na kowace shekara yana nan ɗaure a wuyansa. Bai taɓa watsa wa mai farar riga ruwan kwata ba, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Ƙararrawarsa kuwa, kiririn-kiririn, da ita matan Rikkos suke sanin lokacin ɗora ruwan shayi ya yi.

Ga yadda ajalin ya zo, don kada a ci gaba da ƙara masa gishiri a tashar mota. Tifar ta wani ɗan kwangila ce, Alhaji Maiyashi, direbanta kuma Jika, ɗaya daga cikin mutanen nan da tun da kuɗin Udoji suka cika gari da motoci suke ganin titi gadon ubansu ne. Akwai rami a tsakiyar hanya. Jika ya tausaya wa tayar ogansa, ya kauce wa ramin, ya hau kan mutum. Maganar ƙarshe da aka ji daga bakin marigayin ita ce ƙararrawarsa da ta buga sau ɗaya lokacin da kansa ya daki kwalta. Malam Datti ya tashi sama ya faɗo a bakin kwalbati, ƙafarsa ta dama ta karye. Akwati ya fashe, burodi ya watse a titi.

Mutane sun taru, ba a ce ba su taru ba. Wasu suka ciccibi Malam Datti suka nemo masa motar asibiti, Allah Ya saka musu da alheri. Wasu kuma suka duƙa kan burodi, domin mutanenmu ba sa iya ganin abinci a ƙasa su wuce. Isa mai shayi ya cika gaban rigarsa. Ladi mai ƙosai ta jera nata a faranti. Musiliu mai faci ya danna biyu a hammata. Da yake mai shi ya tafi asibiti, burodi kuma ba ya jiran mai jinya, sai suka yi masa abin da ake yi wa burodi. Malam Datti bai riƙe kowa a zuciya kan wannan ba. Abin da ya riƙe shi ne, da ɗan sanda ya iso yana tambayar wanda ya ga yadda aka yi, sai ga Isa wai yana hura wuta a lokacin, Ladi tana juya ƙosai, Musiliu kansa na cikin taya. Jika kuwa ya bayar da nasa bayani a caji ofis cewa keke ne ya faɗo masa ta gaba. Keken da bayansa ne ya lotse, gabansa ko ƙwarzane babu. Isa da Ladi da Musiliu sun manta da abu ɗaya: ƙafar Malam Datti ce ta karye a bakin kwalbatin, idonsa yana nan a buɗe.

Iyalan suna godiya ga Madam Kaneng, mai buga tafireta a kotu, wadda ta daɗe tana sayen burodi a hannunsa, ta kuma zo duba shi a asibiti. Ita ce ta rage murya ta ce masa, "Baba Burodi, kar ka yarda wani ya taɓa keken nan fa. Koren fenti na mota da ya manne a bayansa, shi ne magana. Mota yana da inshora, kuma doka ya ce in ya ji wa mutum ciwo, sai an biya." Ta ƙara da cewa fenti kaɗai zai iya yin rauni a gaban alƙali, amma in aka samu ko mutum ɗaya ya tsaya ya faɗi abin da ya gani, laifi zai tabbata a kan direba, hanyar diyya ta buɗe.

Godiyar ta tsaya a nan. Alhaji Maiyashi bai tako gidan makoki ba. Kwandon lemo ya aiko da gwangwanin madara, ya haɗa da Shu'aibu, yayan Tabawa matar Malam Datti, wanda a wajen Alhajin yake samun yashin da yake buga bulo. Shu'aibu ya zo da dattawa biyu bayan an sallamo mai jinya, suka zauna a kan tabarmarsa, suka yi ta jan zance. Wai ƙaddara ce, wai mutumin kirki ba ya kai ɗan'uwansa kotu, wai kalma ɗaya ake nema, ya ce ya yafe, a je caji ofis a kashe magana. Sannan suka fito da babbar kyautar: Alhaji ya ɗauki nauyin gyaran keke, za a miƙe shi, a kankare shi, a fesa masa sabon fenti ya koma kamar yau aka fito da shi daga kanti. A kankare shi! Ƙafar da likita ya ce da wuya ta sake taka feda kuwa, babu wanda ya yi tayin miƙe ta.

Da Shu'aibu ya ga Malam Datti ya ƙi amincewa, sai ya ce, "Haba Malam, a kan keke za ka tsaya da Alhaji a gaban alƙali? Me mutane za su ce?"

Malam Datti ya ce, "Su ce abin da suka gani."

Duk da haka saura kaɗan a sace gawar da rana tsaka. Tabawa ta ji kunyar yayanta, ba ta iya hana shi ba, har an ɗauko marigayin daga bayan ɗaki an kai shi bakin zaure. Malam Datti ya sauko daga gado ya ja jiki a ƙasa, ƙafa cikin siminti, ya riƙe tayar baya da hannu biyu, bai saki ba sai da baƙin suka sa takalmansu. Tun ranar Ɗan Baƙi yana kwance a ɗakin maigidansa, ɗaure da sarƙa da kwaɗo a ƙafar gado. Iyalan suna so a sani cewa Malam Datti ya yarda da ƙaddara tun kafin a haifi Jika, amma ba ƙaddara ce ta riƙe sitiyari ranar nan ba.

Marigayin ya rasu ya bar maigidansa, wanda yanzu sai da sanda yake zuwa bayan gida. Ya bar Tabawa, wadda ta fara fitar da kwanukan jerenta ɗaya-ɗaya, tana cewa wai sun cika mata ɗaki. Ya bar 'ya'ya uku da suka tashi cikin ƙanshin burodi, yanzu sai dai su ji shi a gidan maƙwabta. Ya bar famfon ba shi iska, maraya a rataye a ƙusa, da akwati mara murfi. Hanyar da ya yi shekaru yana bi kuwa, Mama Sekinat ta ba wani mai babur, kuma ba a ga laifinta ba, tanda ba ta hutu. Abin da ya rage wa gidan shi ne diyyar nan. In ta fito, Malam Datti zai kafa teburin tireda a ƙofar gida ya ci da iyalinsa a zaune. In ba ta fito ba, kwandon lemo ne kuɗin ƙafarsa.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. Ba za a yi wa marigayin wanka ba, ba za a goge shi ko da tsumma ba, duk wanda ya matso da soso ko toka a bakin mutuncinsa. Za a ɗora shi a amalanke ranar Litinin da safe, bayansa a sama yadda kowa zai ga koren fenti. Za a tashi daga Rikkos, ba za a bi gajeriyar hanya ba, za a zaga ta Farin Gada. A daidai ramin, wanda har yau ba a cike ba, za a tsaya a gaban teburin Isa, da kaskon Ladi, da rumfar Musiliu, a buga ƙararrawar marigayin, domin ita ba ta mutu ba. Daga nan za a wuce da shi kotun majistare, inda zai kwanta a gaban alƙali ya nuna rauninsa. Ba a karɓar lemo, ba a karɓar madara, masu zuwa ba da haƙuri su huta a gida.

Ba za a yi sadakar uku ko ta bakwai ba, domin sadakar Ɗan Baƙi an riga an raba ta, an cinye tun a kan titi. Waɗanda suka ci, Malam Datti zai jira su a ƙofar kotu, dogare da sanda. Tsayuwa tana yi masa wuya ƙwarai, amma ya ce ba zai zauna ba sai sun iso.