Tsingaro Ba Albasa Ba Ne

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da zuwana jami'a ba. Ba karatu ya kai ni ba, lodi ne.

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, wasu malaman jami'a masu tono kayan mutanen dā suka yi wata uku suna haƙa a Jiga Makera. Da suka gama, shugabansu, wani Dakta mai sanyin hali, ya ɗauki hayar motata ta albasa don kai kayan jami'a. Na bi kayan da kaina (ban taɓa barin direbana Mamman da lodi shi kaɗai ba).

Washegari Dakta ya zagaya da ni da Mamman cibiyarsu. Ga ɗakin wanke kaya, ga na'urar ƙara girman abu, ga tsofaffin tuluna cikin gilashi. A ɗaki na ƙarshe akwai dogon tebur da faranti kusan ashirin, cike da tsingaron tukwane. Sai aka kira Dakta zuwa ofis.

Na duba farantan, raina ya ɓaci. Manya da ƙanana a cakuɗe! A garinmu Aliero, wanda ya zuba albasa haka ba ya sake ganin dillali. Na naɗe hannun riga, na juye su wuri guda, na ware: manya nan, matsakaita nan, ƙanana can. Mamman ya ce, "Alhaji, anya aikinga namu na?" Na ce ya yi shiru.

Dakta ya dawo da baƙi biyu, ya tsaya cak a ƙofa.

"Ranka ya daɗe, na ɗan gyara maka," na ce, har da murmushi.

Ya zauna a hankali. "Alhaji, kowane faranti daga zurfinsa daban aka tono shi. Na ƙasa ya girmi na sama da ɗaruruwan shekaru. Ka haɗa kaka da jika."

Allah ya taimake ni, yawancinsu an riga an rubuta musu lamba a baya. Kwana huɗu na yi da aron tabarau ina mayar da su, kasuwar Jega ta ci babu ni. Faranti biyu da ba su da lamba kuwa sun tafi ke nan. Dakta bai ƙara ambatarsu ba, wannan ya fi zagi ciwo.

Mamman ya riga ni isa gida da labari. Har yau a kasuwa "Furofesa" ake ce mini.

Tun daga nan, in na ga hargitsi a rumfar wani, hannuna a aljihu nake tambaya.