Ranar da Na Yi wa Kwamfuta Maganin Dikoda

Ranar da 'yata Khadija za ta nuna wa malaman jami'a aikinta na gama karatu, sai ta ba ni amanar kwamfutar falo. Ta ce, "Umma, shafin da zan buɗe a can, daga cikin wannan yake ɗebo sunaye da hotuna. Ki dai sa mata ido, kada ta mutu."

Na ce, "Haba, ni da na raini yara shida?"

Na jawo kujera na tasa ta gaba kamar mai jinya. Can sai fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Na ɗauka ta mutu! Ashe barci kawai ta yi, da na taɓa ta ma za ta farka. Ni kuwa sai na yi mata maganin da nake yi wa dikodar talabijin ɗinmu in ta ƙi aiki: na zare wayar daga bango, na yi bisimilla, na mayar.

Ko zama ban yi ba Khadija ta kira: "Umma, me kika taɓa? Babu komai a shafin, fari fat!"

Da ƙyar malaman suka ɗaga mata zuwa wani satin. Har yau, ko duk unguwarmu ta Nassarawa aka ɗauke wa wuta, sai babansu ya leƙo ya ce, "Hajiya, ke ce?"