Fulawar da Ta Ciyo Mana Kofi

Ko na tsufa tukuf ba zan taɓa mantawa da ranar da na zuba wa kimiyya fulawa a bainar jama'a ba. Lokacin ana tsakar aikin dam ɗin Goronyo, ina ajin ƙarshe a sakandare a Wurno, aka tura ni gasar kacici-kacici da 'yan Rabah. (Ba fin kowa na yi ba, bakina ne ba ya jin tsoro.) Muka yi kunnen doki, saura tambaya ɗaya, ga kofi a kan tebur yana ƙyalli.

Alƙalin, wani injiniyan dam mai sanƙo, ya nuna dogon ƙwan lantarkin da ke bisa kanmu. "Mi aka nuhi da fluorescence, kuma daga ina kalmar ta hito?"

Wayyo daɗi! Na taɓa fasa irin ƙwan nan a aji, na ga farin garin cikinsa, malamin kimiyya ya haɗa mini bayani da bulala. Na miƙe ina hura hanci.

"Ranka shi daɗe, garin ciki shi ka shan hasken da ido bai gani, shi maido shi hwari tas."

Aka tafa. Da na zauna a nan da na tsira da mutuncina, amma ina!

"Asalin kalmar kuwa hulawa ta, wagga ta burodi. Turawa sunka ga garin, sunka sa mai suna."

Jama'a, ɗakin nan sai da ya girgiza da dariya. Malamin kimiyyarmu ya rufe fuska da hula. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka miƙa wa ɗan Rabah tambayar. Ya dube ni a wulaƙance, ya gyara murya. "Ba ta burodi ba, hulawar da aka dasawa, wato hure."

Injiniya ya share hawayen dariya ya ce, "Duk ba haka ba. Sunan wani dutse ne mai irin wanga haske, da aka zuba ma ƙarhe shi narke shi malala. Tushen sunan daga harshen Latin, ma'anatai kwarara, awa ruwan da za mu sako muku gonaki. Wurno ta hwaɗi abin da aka nuhi da fluorescence, tana da rabin maki."

Rabin makin nan shi ya ba mu kofi! A kafaɗa aka fito da ni ana ihun "Mai Hulawa!", kuma har yau haka matata ke kirana in ta so tsokana.

Abin da na koya: in za ka yi shirme, fara faɗin abin da ka sani, sannan ka roƙi Allah na bayanka ya fi ka shirme.