Rasuwar Mai Ƙaho Biyu na Kan Matakala

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kai a ɗaure, Malam Inusa ɗan Alhaji Ɗanƙarami na unguwar Birni a Damagaram yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙwabtan da suka san lambar sirri ba da saninsa ba, rasuwar akwatin wifi na gidansu, wanda yara ke kira Mai Ƙaho Biyu. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kwanar matakala inda ya yi dukan rayuwarsa.

Marigayin ya shigo gidan ne shekarar da Bintu, ƙanwar Inusa, ta bi mijinta Kwatano. Gidan tsohon soro ne na laka mai katanga kamu biyu, da bene a kai, da ɗaki guda a can ƙoli. Rezon salula, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga ɗakunansa, sai mutum ya fita tsakar gida ya ɗaga hannu kamar mai roƙon ruwa. Inusa ya gwada akwatin a zaure, ya gwada shi bisa firji, duk bai kai sama ba. Wata rana hannunsa ya gaji ya rataye shi cikin kwando a wata ƙusa kan matakala, sai ga wifi ya cika gidan daga ƙasa har ƙoli. Babu wanda ya san dalili, babu kuma wanda ya sake taɓa kwandon.

Ya kasance mai haƙuri, marar yawan magana. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinsa shi ne ɗan "tsit" in kuran, wato wutar lantarki, ya dawo, sannan ya buɗe koren idonsa ya kama aiki. Bai nuna bambanci tsakanin hotunan ɗinkin da Sadiya, matar Inusa, ke aika wa masu saye daga shagonta na ƙasa ba, da aikin lakkol na yara 'yan makaranta, da shirmen da suke kallo in an ce suna aikin lakkol. Amma babban alherinsa yana ɗakin ƙoli. Can Alhaji, mahaifin Inusa, yake kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye, bai ƙara saukowa ba. Kullum bayan la'asar a jingina masa waya da matashi, fuskar Bintu ta fito, ta tambaye shi abin da ya ci, ya yi mata ƙaryar ya cinye.

Ciwon ajali ya soma da zafin bazara. Idon ya riƙa komawa ja, jikin ya yi zafi kamar kaskon suya. Sadiya ta yi masa fifita da mahuci. Inusa ya yi masa maganin da kowa ya sani, a kashe a kunna, ya ɗan farfaɗo. Ranar Talatar kuran ya dawo da ƙarfi, aka ji "fat", warin ƙonanniyar roba ya biyo matakala. Mai gyara ya buɗe cikinsa, ya duba, ya mayar da marfin a hankali, ya ce, "Malam, sai haƙuri."

Ya rasu ya bar wayoyi da yawa, da talabijin da ta koma madubi, da ƙusa a bango, da tsoho mai jira.

Inusa ya shiga kasuwar Dole neman magaji, ya fito bai san gabas ba. Wani Bakano ya ɗora masa mai ƙaho shida a hannu ya ce, "Wannan, Alhaji, ko dutse sai ya ratsa." Na kusa da shi ya ce ƙaho ado ne kawai, a sayi 'yan uku masu miƙa wa juna saƙo, kowane hawa da nasa. Na uku ya ce 'yan ukun ma ba sa jin juna ta bayan laka, sai an huda katanga an ja kabul. Da Inusa ya kawo zancen hudawa, Alhaji ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Katangar kakana? Ka bari sai kun fitar da ni."

Mai ƙaho shidan ya saya. Ya rataye shi a kwando ɗaya, ƙusa ɗaya, har da bismilla. Wifi ya cika shagon Sadiya ya tsallaka titi, amma sama ko hawa na biyu bai gama ba. Ya so ya kai shi ƙoli, kabul ɗin da ke shigowa gidan bai kai can ba. Ya mayar da shi ƙasa, ya zauna kan matakala ya rafka tagumi.

Ana cikin haka Bintu ta haihu, namiji, aka yi masa huɗuba da sunan Alhaji. Inusa ya hau da hoton jaririn a waya. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ita fa? Fushi take da ni?"

"Baba, ku yi haƙuri, akwati ne ya mutu. Kullum sai ta kira."

"To, in ta kira ka ce na ci abinci," in ji shi, ya juya fuska bango.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba za a yi salla ba, liman ya ce kada ma a soma. Za a naɗe marigayin a ƙyallen da Sadiya ta ware, a ajiye shi bisa kabad kusa da tsohuwar rediyo. Daga nan za a hau ƙoli a ɗauko Alhaji bisa kujera a sauko da shi shago, inda Bintu za ta kira ya ga takwaransa yana motsi. Ya yarda da ƙyar, da sharaɗin a sa masa babbar riga da rawani. Matakalar tana da ƙunci, tsohon kuma ba shi da sauƙin ɗauka, Inusa bai san yadda za a sha kwanar matakalar da shi ba. Masu zuwa ta'aziyya su bar shawara a gida, an samu ta ishe. Majiya ƙarfi huɗu ake nema.