Ƙwayar Kan Faranti

Bangon gidan hayarsu a Adjamé Liberté siriri ne. Kaka Hajara na shan kunun safe ta jiyo Zaharadeen, mijin jikarta Iklima: "Yaron ko wata tara bai cika ba! Ba kin ce kina shan ƙwaya ba?" Ya buga ƙofa ya fice.

Sai da ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa Kaka ta leƙa ɗakin Iklima.

"An tashi lafiya, uwar 'yan biyu?"

"Lafiya lau, tsohuwa. Haƙora sun tafi, kunne ya ƙi bin su."

"Kunnen ne ya gaya min kin yi ɓatan wata. Mu ga ƙwayar."

Iklima ta miƙo. Takardar ta koɗe, rubutun ya goge.

"Wannan ai ta girme ni!"

"Ba abin da ya girme ki a Abidjan, har tekun. A kasuwar Roxy na saya, kan faranti."

"A tsakar rana, gefen maganin ɓera? Da ba asibitin unguwa kike zuwa ba, sazfam, ungozomar asibitin, ta auna ki, ta ba ki a kuɗin shiga motar gbaka? Ƙafar ce ta karye?"

"Bakinki ne ya karya ta." Iklima ta yi murmushi, iya leɓe. "Ranar sunan gidan maƙwabciyarmu Laila, wa ya ce a gaban mata, 'Ga mai rufe masana'anta, na gan ta a layin sazfam'? Har surukata ta yi dariya. Da muka dawo gida ba dariya ta yi ba."

Kaka ta tuna shewar da aka yi mata ranar, da daɗin da ta ji. Sha ɗaya ta haifa, ta binne huɗu, ba wanda ya taɓa nuna mata wani layi. Anya wasa ne kaɗai ya yi magana a bakinta?

"Wasan jika ne," ta ce a hankali.

"Na sani. Shi ya sa ban rama ba."

"Raguwa. Tashi ki goya yaron. Asibitin Treichville za mu a auna ki, can ba wanda ya san ki. Wannan kuwa masai za ta."

"In cikin ya riga ya shiga fa?"

"Sai mu rene shi. Bayana bai gama lalacewa ba."

Ta cire babban mayafinta ta yafa wa Iklima. A bakin ƙofa ta juyo, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"In wani ya gan mu a layin, ki ce ni kika rako. Na yi sabon saurayi."