Ranar da Babur Ya Juya Riga

Shekarar da gero ya ƙone a tsaye, surukina ya ce zai kai babur ɗinsa garin Isa a yi masa fenti. Na ce, "Haba Baba, ina raye? Ni za ni yi shi."

Na kafa aiki a ƙofar gida a Gangara, 'yan zaman kashe wando suka kewaye ni. Na yi musu bayani cewa gwani ba ya fenti sai ya cire gilashin madubi. Da ruwan zafi na sassauta bakin robar da ke riƙe da gilashin, ruwan da matata ta yini tana jira a rijiya. Gilasai suka fita lafiya. Fenti ya bushe, na shafa gam na mai da su, idona na kan masu kallo, bakina bai huta ba.

Washegari aka fita roƙon ruwa, kowa ya juya rigarsa kamar yadda aka saba. Na goyo Baba har fili. Ya sauka, ya duƙa zai gyara rawani a madubi, bai ga kowa ba. Ya leƙa ɗayan. Duk biyun a kife na manna su.

Wani tsoho ya ce, "Madalla! Fari ya kai fari, har babur ya juya riga tai."

Baba ya juya, ya koma gida da ƙafa.

Da yamma ruwa ya sauka, wannan ne ya ƙarasa ni. Har yau in hadari ya yi jinkiri, sai a yi mini sallama: "Malam, gero na bushewa. Yaushe za ka fenti?"