Rawata Ta Riga Ni Isa Dandin Mahe

Ba zan taɓa mantawa da bikin nan na garin Dandin Mahe ba, ko da tsufa ya kai ni ga sa takalmi a juye.

Ku fara sanin ko ni wace ce. Daga Boɗinga har Shagari, in za a kai amarya ɗaki, ni ake aiko wa mota in zo in yi mata faɗa. Ban yi boko ba, amma bakina ya sa masu digiri kuka. Kowa kuma ya san abin da na fi tsana: 'yan matan zamani masu kafa waya a gabansu suna karya ƙugu duniya na kallo. Abu na biyu da nake taƙama da shi, ƙofa. Tun maigidana na da rai zaurenmu bai san kwaɗo ba. A wurina mai yawan kulle-kulle marowaci ne.

Jikata Asma'u, wadda ke karatun jinya a Sakkwato, ta zo hutu da kwamfutarta, irin wadda ake ɗorawa bisa cinya. Wata rana da hantsi, maza na fadamar albasa, matan gida sun tafi barka, ta ce in tuna mata waƙoƙin da muke yi a dandali. Na ce ni na tuba. Ta ce ai dama ta ji an ce ban iya ba. (Wagga yarinya ta san inda ake taɓa ni.) Kafin in ankara na ɗaure gyale a ƙugu, ta kife ƙwarya tana kiɗa, ina waƙar wani saurayi mai farin keke da na yi wa baiti tun ban san aure ba. Kada in ɗauki alhakinta, ta faɗa mini kwamfutar na ɗaukar bidiyo. Na ce ta ɗauka, in na mutu ku san kakarku ba a zaune ta yi ƙuruciya ba. Na taka na farko, na huta, na tashi na taka na biyu.

Da la'asar yayanta Bello ya ce ta tura masa hotunan Sallah cikin tasa kwamfutar. Ta buɗe masa hanya ya kwasa, sai na ji ta ce bari ta rufe ta sa lambar sirri.

"Mi za ki rufe?" na ce.

"Kaka, ƙofar rabawa ce. In na bar ta buɗe, duk wanda munka hau intanet ɗaya da shi yana iya leƙowa shi kwashi abin da ke ciki. A makaranta kuwa na kyauta muke hawa, kowa da kowa."

"To shi leƙo mana! Baƙo rahama ne. Ɗan'uwanki za ki sa wa kwaɗo? Wanga hali ba na gidan ga ba ne."

Ta yi ta bayani, na ce ilimin da ke koya wa yaro rowa ba ilimi ba ne. Ban ƙyale ta ba sai da ta yi mini alkawarin barin ta buɗe. Ita kuma mai cika alkawari ce. Ni na yi tarbiyyarta.

Ta koma makaranta, na manta da zancen.

Ranar bikin na ci ado, na tauna goro, anka shigar da ni ɗakin da amarya take, cike da ƙawayenta da iyaye mata. Na lura tun daga zaure ana kallona ana sunkuyar da kai. Na ce a raina, kwarjini ke nan, Allah Ya ƙara. Na gyara zama na fara.

"Ɗiyata, mace ta gari sirri ce. Ba ta girgiza jiki gaban na'ura. Wadda duk kinka ga rawarta cikin wayar mutane, ki tambayi wa ya rene ta."

Amarya ta fara rawar jiki cikin mayafi. Ƙawayenta sunka cusa baki cikin hijabi, hawaye na zuba. Na ji daɗi. Na ce yau maganata ta ratsa ƙashi, sai na ƙara wuta.

Can sai na ji kiɗan ƙwarya daga bayan ɗaki, da wata murya kamar ta tsohuwar akuya tana kiran mai farin keke ya tsaya ta hau. Na buɗe baki in tambayi wace marar kunya ce, sai na gane tarin da ke tsakiyar baitin. Nawa ne.

Wayar a hannun Hajiya Tumba take, ƙawata ta Lambara, wadda munka tashi tare. Ta miƙo mini ita har gaban hanci.

"Ke, wanga ƙugu na san shi tun muna tallar fura. Ashe bai mutu ba?" Ta kurɓi ruwa ta ƙara da cewa, "Kuma mai farin keke ɗaya ne a Lambara duka. Ni ya aura. Allah Shi jiƙan Malam, bai taɓa faɗa mini kin so hawa ba."

Ɗaki ya fashe. Amarya har da faɗowa daga bakin gado. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi, don siminti ne.

Daga baya Asma'u ta bugo tana kuka. Wani ne da ba ta sani ba, a intanet ɗin makaranta, ya iske ƙofa buɗe ya shiga ya zaɓa, daga nan abu ya bi wayoyi. Allah Ya rufa asiri takardunta da nata hotunan suna wani wuri daban. Na ce ta yi shiru, ba ita ta gayyaci baƙon ba.

Yanzu faɗan amare Tumba ake aika wa mota. Ni ma ana gayyata ta, amma da na zauna sai in ga an turo ƙwarya gabana.

Zaurena har gobe a buɗe yake, don mai shigowa ta nan yana sallama, ina ganin fuskarsa. Waccan ƙofar kuwa, duk sanda Asma'u ta bugo, kafin in tambayi lafiyarta sai na ce, "Kin rufe?" Abin da dai har yau ke ci mini rai, ɓarawon nan ba shi da ido. Na farkon ya ɗauka. A na biyu na fi taka rawar.